Amfanin Maɓallan F1 Zuwa F12 Wajen Aikin Lissafi da Manhajar Excel

Gabatarwa

A yau da wuya a shiga sakatariyar ƙaramar hukuma a tarar babu kwamfuta a sashen kuɗi, ko sashen aikin gona, ko na kiwon lafiya matakin farko. Ayyukan da a da ake yi a manyan littattafai da biro da rula, kamar jerin albashin ma'aikata, da kuɗin shiga na kasuwanni da tashoshin mota, da sunayen manoman da za a raba wa taki, galibinsu sun koma cikin manhajar Excel ta kamfanin Microsoft. Haka kuma ƙungiyoyin manoma da na mata masu adashi a karkara sukan kai takardunsu shagon buga takardu, ko su ba wani ɗansu mai kwamfuta ya tsara musu lissafi.

An shirya wannan bayani ne domin ma'aikatan ƙananan hukumomi, da magatakardan hakimai, da sakatarorin ƙungiyoyi, da duk wanda aka ɗora wa alhakin riƙe lissafin jama'a. Bayanin ya shafi maɓallai 12 da ke jere a can saman allon maɓallan kwamfuta, waɗanda aka rubuta wa F1, F2, har zuwa F12. Ma'aikata da dama sukan shekara da shekaru suna aiki ba su taɓa danna ko ɗaya daga cikinsu ba. Waɗannan maɓallai suna rage ɓata lokaci, amma babban amfaninsu shi ne kare ma'aikaci daga kuskuren lissafi. Kuskure ɗaya a jadawalin taki yana iya sa a ce wa wani ƙauye ya biya abin da bai ci ba, ko kuma a nemi kuɗi a hannun ma'aji alhali ba su taɓa shiga hannunsa ba.

Yadda shafin Excel yake

Kafin a shiga bayanin maɓallan, ya kamata mai karatu ya san sunayen da za a yi amfani da su. Shafin Excel ya ƙunshi layukan tsaye masu ɗauke da haruffa A, B, C, da kuma layukan kwance masu ɗauke da lambobi 1, 2, 3. Inda layin tsaye ya haɗu da na kwance, nan ne za mu kira gida, kamar dai gidajen dara. Kowane gida yana da adireshinsa. Gidan da ke layin tsaye na E da layin kwance na 1, sunansa E1.

A cikin gida ana iya rubuta suna, ko adadi, ko fomula. Fomula umarni ne da ake ba kwamfuta ta yi lissafi, kuma kullum yana farawa da alamar daidai. Idan aka rubuta =B2*E1, ana nufin a ninka abin da ke gidan B2 da abin da ke gidan E1.

Asalin waɗannan maɓallai

Manhajar jadawalin lissafi ta farko da ta shahara a ƙananan kwamfutoci ita ce VisiCalc, wadda Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar a Amurka a 1979. Kwamfutar da kamfanin IBM ya fitar a 1981 tana da maɓallan F guda 10 a gefen hagu na allon maɓallanta, daga baya a tsakiyar shekarun 1980 aka mayar da su 12 aka jera su a sama, kamar yadda muke ganin su yanzu. A 1983 aka fitar da manhajar Lotus 1-2-3, wadda ta ware F1 domin neman taimako, F2 domin gyara, F4 domin kafe adireshi, F5 domin zuwa wani gida, F9 kuma domin sake lissafi. Excel ta fito a 1985 a kwamfutar Macintosh, sannan a 1987 a manhajar Windows, kuma wannan tsari na maɓallan biyar shi ne a cikinta har yau. Saboda haka abin da ma'aikaci ya koya game da su ba ya tsufa don an sauya masa kwamfuta.

F2: gyara da bincike

Kuskuren da sababbin ma'aikata suka fi yi shi ne su tsaya a kan gidan da ke ɗauke da fomula su fara rubutu kai tsaye. Da zarar an yi haka aka danna Enter, fomular ta tafi, sai adadin da aka rubuta ya maye gurbinta. A ido ba za a ga bambanci ba, amma daga ranar wannan gida ya daina lissafi.

Idan ana son gyara abin da ke cikin gida ba tare da an share shi ba, sai a danna F2. Gidan zai buɗe, alamar rubutu za ta tsaya a ƙarshen abin da ke ciki, sai a gyara harafi ko lambar da ake so, a danna Enter. Idan kuwa aka ga an fara ɓata abu, sai a danna Esc, komai zai koma yadda yake.

F2 yana da wani amfani ga masu binciken kuɗi da shugabannin sassa. Idan aka danna shi a kan fomula, Excel takan zagaye duk gidajen da fomular ke ɗaukar adadi daga cikinsu da layi mai launi. A ce jimillar albashi tana ɗauke da =SUM(C2:C50), amma an ƙara sunayen sababbin ma'aikata har zuwa layi na 60. Da an danna F2 za a ga zagayen ya tsaya a layi na 50, ma'ana mutum 10 ba sa cikin jimillar. Ya kamata duk wanda zai sa hannu a takarda ya nemi a danna masa F2 a kan gidan jimilla ya gani da idonsa.

F4: kafe adireshin gida

Wannan shi ne maɓallin da ya fi kowanne muhimmanci ga mai lissafin kuɗi, don haka za mu tsaya a kansa da misali.

A ce jami'in aikin gona yana tsara jadawalin rabon taki. A layin A ya rubuta sunayen ƙauyuka, a layin B yawan buhunan da kowane ƙauye ya karɓa, a layin C kuma kuɗin da za su biya. Ya ajiye farashin buhu a gidan E1, a ce Naira 20,000, sannan a ƙasansa, a gidan E2, ya ajiye kuɗin dako na kowane buhu, a ce Naira 500. Ƙauye na farko ya karɓi buhu 40. Jami'in ya rubuta =B2*E1 a gidan C2, kwamfuta ta ba shi Naira 800,000, kuma daidai ne. Sai ya kwafi fomular ya ja ta ƙasa zuwa sauran ƙauyuka.

A nan matsalar take. Al'adar Excel ce idan aka ja fomula ƙasa da layi ɗaya, duk adireshin da ke cikinta ya sauka da layi ɗaya. Don haka a gidan C3 fomular ta zama =B3*E2. Ƙauye na biyu da ya karɓi buhu 30, maimakon Naira 600,000, sai kwamfuta ta ninka buhunansa da kuɗin dako ta rubuta Naira 15,000. Ƙauye na uku kuma za a ninka nasa da gidan E3 da babu komai a ciki, sai ya fito sifili. Sifili yana da saurin ganewa. Naira 15,000 kuwa tana iya wucewa a cikin dogon jadawali ba wanda ya lura, har sai ranar da aka zo haɗa kuɗi aka ga giɓin Naira 585,000.

Maganin wannan shi ne, lokacin da ake rubuta fomular a C2, da an rubuta E1 sai a danna F4 sau ɗaya. Adireshin zai koma $E$1. Wannan alama ba ta da alaƙa da kuɗin Amurka, turke ce da ke ɗaure adireshin a wuri ɗaya. Yanzu ko an ja fomular zuwa layi na 500, B zai riƙa sauka, amma farashi yana nan a E1. Idan fomular ta riga ta kasance a rubuce, sai a danna F2, a kai alamar rubutu kan E1, sannan a danna F4.

Idan aka ci gaba da danna F4, adireshin yakan zagaya kamar haka: dannawa ta farko $E$1, an kafe layin tsaye da na kwance, ta biyu E$1, an kafe na kwance kaɗai, ta uku $E1, an kafe na tsaye kaɗai, ta huɗu ya koma E1 yadda yake da farko. A yawancin ayyukan ofis, ta farkon ake buƙata.

Amfanin ajiye farashi ko kaso a gida ɗaya a kafe shi yana fitowa ne ranar da abin ya canza. A ranar 1 ga Fabrairu, 2020, harajin VAT a Nijeriya ya tashi daga kashi 5 cikin 100 zuwa kashi 7.5. Akawun da ya ajiye kason a gida ɗaya ya kafe shi a jadawalin biyan 'yan kwangila, gida ɗaya zai gyara, sauran lissafin ya bi. Wanda ya rubuta kason da hannu a cikin kowace fomula kuwa, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma ba wuya ya tsallake wata.

F4 yana da aiki na biyu idan ba a cikin fomula ake ba: yana maimaita abin da aka yi na ƙarshe. Idan aka shafa wa sunan wanda bai biya ba launin ɗorawa, sai a je kan suna na gaba a danna F4, shi ma ya ɗauki launin. Amma a yi hattara, domin idan abin da aka yi na ƙarshe share layi ne, F4 zai sake share wani layin. Idan hakan ta faru, a danna Ctrl tare da Z nan take domin dawo da shi.

F12: adana kwafi da sabon suna

Kowa ya san yadda wutar lantarki ke ɗaukewa ba sallama, da yadda janareta ke mutuwa ana tsakiyar aiki. Excel takan ajiye kwafin gaggawa da kanta, galibi bayan kowane minti 10, amma bai kamata a dogara da wannan ba. Danna Shift tare da F12, ko Ctrl tare da S, yana adana aikin da ake ciki nan take. Ya dace ma'aikaci ya saba da yin haka duk lokacin da ya gama shigar da sunayen ƙauye ɗaya ko sashe ɗaya.

Shi kuwa F12 shi kaɗai, yana buɗe tagar adana fayil da sabon suna. Ga inda yake da amfani. A ofisoshi da yawa, idan sabon wata ya kama, akan buɗe jadawalin watan jiya a goge adadin da ke ciki a shigar da sababbi, sannan a adana a kan tsohon. Ta haka lissafin watan jiya ya ɓace, ranar da masu bincike suka nemi a kawo shi babu abin nunawa. Hanyar da ta dace ita ce, da an buɗe fayil ɗin watan jiya, kafin a taɓa komai, a danna F12 a ba shi sunan sabon wata da shekara, misali Albashi 2025 Maris. Daga nan duk gyaran da aka yi a kan sabon zai sauka, tsohon yana nan lafiya. Haka kuma da F12 ake ajiye kwafi na biyu a filas, wanda ya kamata a kulle a wani wuri daban da inda kwamfutar take.

F9: sake lissafi

A ƙa'ida, da an canza adadi Excel takan sake lissafin duk abin da ya dogara da shi. Sai dai akwai saitin da ke dakatar da wannan, wanda wasu kan kunna idan jadawali ya yi nauyi. Abin lura shi ne Excel takan ɗauki saitin fayil ɗin da aka fara buɗewa ta yi aiki da shi a kan sauran da aka buɗe bayansa. Don haka fayil ɗin da aka kawo daga wani ofis yana iya sa naka ya daina lissafi ba ka sani ba. Alamar hakan ita ce a canza yawan buhuna amma jimilla ta ƙi motsi.

Danna F9 yana tilasta wa kwamfuta ta sake lissafin duk fayilolin da ke buɗe, Shift tare da F9 kuma shafin da ake kai kaɗai. Domin gyara na dindindin, sai a shiga sashen Formulas a sama, a zaɓi Calculation Options, a mayar da shi kan Automatic. Kafin a buga kowace takardar kuɗi, danna F9 sau ɗaya ba ya cin lokaci, kuma rigakafi ya fi magani.

Ana kuma amfani da F9 wajen gano inda doguwar fomula ta karkace. A danna F2, a zaɓi wani yanki na fomular, a danna F9, sai adadin da yankin ya bayar ya bayyana. Bayan an gani, wajibi ne a fita da Esc. Idan aka danna Enter, adadin zai zauna a madadin wannan yanki na fomular.

F5: zuwa gida kai tsaye

Shafin Excel na 2003 yana da layukan kwance 65,536. Daga na 2007 zuwa yau sun kai 1,048,576. Jerin manoman ƙaramar hukuma ɗaya yana iya kai dubbai, kuma gangarawa da linzamin kwamfuta yana cin lokaci. Idan aka danna F5 aka rubuta adireshi, misali B4500, aka danna Enter, nan take za a isa can. Idan suna ake nema, Shift tare da F5 yana buɗe tagar bincike.

A cikin tagar F5 akwai wurin da aka rubuta Special. Idan aka zaɓi layin da ake son dubawa, aka shiga nan aka zaɓi Blanks, za a ga duk gidajen da aka bari babu komai, kamar manomin da aka manta ba a rubuta masa yawan buhu ba. Idan kuma aka zaɓi Constants a layin da ya kamata ya zama fomula zalla, za a ga duk gidan da wani ya rubuta adadi da hannu a kan fomula. Wannan hanya ce mai sauƙi ta gano kuskure ko maguɗi.

Sauran maɓallan a taƙaice

F1 yana buɗe shafin taimako, wanda a sababbin nau'o'in Excel yakan buƙaci intanet.

F3 yana kawo jerin sunayen da aka laƙaba wa gidaje. Ana iya sa wa gidan E1 suna Farashi, sai fomula ta zama =B2*Farashi, wadda kowa zai karanta ya gane. Ctrl tare da F3 yana buɗe wurin tsara waɗannan sunaye.

F6 yana zagayawa tsakanin sassan tagar Excel, Ctrl tare da F6 kuma yana kai mutum wani fayil ɗin da ke buɗe.

F7 yana duba kuskuren rubutu. Tun da yawancin kwamfutocin ofis a kan Turanci aka saita su, zai ɗauki sunayen mutane da na garuruwanmu a matsayin kuskure, ya kawo shawarar wata kalmar Turanci. A jerin sunaye kada a danna Change All, domin sunan da ya saɓa da na katin shaida yana iya hana mai shi karɓar haƙƙinsa.

F8 yana kunna zaɓen gidaje da maɓallan kibiya. Idan aka ga duk inda aka taɓa shafi yana yin duhu, wataƙila an danna shi ne bisa kuskure. A sake danna shi ko a danna Esc.

F10 yana nuna haruffan da ake bi a shiga umarnin da ke sama ba tare da linzami ba. Shift tare da F10 daidai yake da danna ɓangaren dama na linzami, kuma yana da amfani ranar da linzamin ya lalace.

F11 yana mayar da adadin da aka zaɓa zanen ƙididdiga a sabon shafi, irin wanda ake nunawa a taron majalisar ƙaramar hukuma domin kwatanta kuɗin shiga na wata da wata. Wanda ya danna shi bisa kuskure kada ya firgita, jadawalinsa yana nan a shafin da ya baro. Shift tare da F11 yana ƙara sabon shafi.

Alt tare da F4 yana rufe Excel gaba ɗaya. Idan ta tambaya ko a adana aikin, a karanta tambayar kafin a amsa.

Idan maɓallan sun ƙi aiki

A kwamfutocin tafi-da-gidanka da yawa, an haɗa wa maɓallan F wasu ayyuka kamar ƙara sauti ko hasken fuska. Idan aka danna F2 ko F4 aka ga sauti ko haske ne ya canza, sai a riƙe maɓallin Fn da ke ƙasa ta hagu sannan a danna. A wasu kwamfutocin, danna Fn tare da Esc yana sauya tsarin ya zauna. Bayanin da ke sama ya shafi Excel ta Windows ne. A manhajar Google Sheets ma F2 yana buɗe gida, F4 yana kafe adireshi, amma sauran ba lallai su zo ɗaya ba, don haka a gwada kafin a dogara da su.

Kammalawa

Ba a buƙatar haddace maɓallan 12 a rana ɗaya. Shawarar ita ce ma'aikaci ya fara da guda huɗu: F12 idan ya buɗe fayil ɗin watan jiya, F4 idan yana rubuta fomular da ke ɗauke da farashi ko kaso, F2 idan zai gyara ko zai duba jimilla, sai F9 kafin ya buga takarda. Yana iya rubuta su a 'yar takarda ya manna a gefen kwamfuta har hannunsa ya saba. Gwaji kuma a yi shi a kan kwafi, kada a yi a kan fayil ɗin ofis na ainihi.

Ana kira ga ma'ajin ƙananan hukumomi da shugabannin sassa su ware lokaci ƙananan ma'aikatansu su gwada misalin takin da aka kawo a sama, kowa da hannunsa. Shugabannin ƙungiyoyin manoma da na adashi su ma, idan an kawo musu takardar da aka buga daga kwamfuta, su ɗauki layi biyu ko uku daga tsakiya da ƙarshen jerin su ninka da kansu, su ga ko ya yi daidai da abin da aka rubuta kafin su sa hannu ko su dangwala yatsa.